Saƙon da Ya Kwana Bai Ƙetare Wouri Ba

  Yau maganar waya za mu yi. Mun san wani zai ce me ya haɗa magatakardan Maigida, wanda iyakar karatunsa allo da littattafan zaure, da maganar igiyoyin sadarwa? To, ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ya faru a hannunmu, ya bar mana nauyi a zuciya, kuma a wajen neman dalilinsa muka tsinci ilimin da muke ganin bai kamata ya tsaya a zaure ɗaya ba.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan muna riƙe da alƙalamin Maigida. Aikin ba wani mai ɗaukaka ba ne. In an yi haihuwa mu rubuta ranar suna, in za a ɗaura aure mu sanar, in baƙo ya sauka mu san mai masaukinsa, in an yi rasuwa mu kai labari ga dangi kafin a ɗauki gawa. Mun gaji wannan aiki da wani kundi mai baƙin bango, rabinsa ajami rabinsa boko, wanda a cikinsa aka rubuta kowane gida da asalin mutanensa da wanda za a nema in wani abu ya same su. A wancan zamani wasiƙa mukan rubuta mu ba direban babbar mota mai zuwa Garwa ko Marwa, ko mu ba matafiyin da zai shiga jirgin ƙasa zuwa Ngawundare. In abin na gaggawa ne mu tafi gidan waya na Bonanjo. Wanda bai iya rubutu ba ya yi magana a kaset, a naɗe a takarda, a kai wa iyayensa su taru su saurara. Daga baya, wajen farkon shekarun 2000, wayar hannu ta shigo, 'yan kol boks suka kafa lema a kowace kusurwa, muka riƙa bin layi muna ƙirga minti. Daga nan kowa ya mallaki tasa. A ƙarshe muka buɗe zauren WhatsApp na unguwa, muka ga sauƙin da ba mu taɓa gani ba: dannawa ɗaya, ɗaruruwan mutane sun ji. Kundin nan kuwa muka cusa shi a ƙasan kanta, laimar Duwala ta ci rabonta a jikinsa.

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, Allah Ya yi wa wani tsoho a cikinmu rasuwa gab da azahar. Mutumin ƙasar Katsina ne, ya zo Duwala tun yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa yana sayar da tasbaha da turare a gefen kasuwa. Bai bar ɗa a nan ba. Ɗan uwansa ɗaya ne a garin, ƙanensa, dillalin shanu a Bonaberi. Maigida ya ce a yi sutura bayan la'asar. Muka rubuta sanarwa a zauren unguwa, muka kuma tura wa ƙanen nasa shi kaɗai, muka danna. Mun ga ɗan agogon nan a gefen saƙon, alamar bai tafi ba, muka ce ai halin rezo ne, yanzu zai wuce. Muka gwada kiran lambar kai tsaye, aka ce a kashe take. Ashe lambar Najeriya ce, wadda ya buɗe WhatsApp da ita tun da daɗewa, layin kuwa ba ya cikin wayarsa, kamar yadda da yawa daga cikin fatakenmu suke yi. Lambarsa ta Kamaru ba mu taɓa rubuta ta ba, don ba mu taɓa bukatarta ba. Muka jefa waya a aljihu muka shiga hidimar likkafani da makara da motar da za ta kai mu maƙabarta. Ladan ya yi shela da lasifika, mutanen kusa suka taru, aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa, muka dawo muka sha ruwa.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ƙanen ya iso. Saƙon da safe ya shiga wayarsa. Ya durƙusa ya gaida Maigida, ya karɓi ta'aziyya, sannan ya juyo gare mu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ina Bonaberi fa. Gada ce kawai tsakaninmu. Da yaro kuka turo a kan benskin ya tambayi dillalan shanu, da na riski sallar yayana."

Ba mu da abin cewa. Maigida ya ce masa, "Yi haƙuri, ɗana. Laifin na gidan nan ne, Allah Ya ba ka ladan niyya." Da mutumin ya tafi, sai ya dube mu ya ce, "Malam, ina kundin nan?" Wannan tambaya ta fi mana zafi a kan faɗa.

Daren Asabar bayan sallar asham Maigida ya sa aka kira wani ɗanmu, injiniya ne a ɗaya daga cikin kamfanonin waya, wanda a gabanmu ya yi saukar Alƙur'ani kafin ya wuce makarantar fasaha. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a wannan dare manya ne a ƙasa, yaro a kan rimi. Maigida ya ce masa, "Kai ɗan nan, gaya mana. Yaya saƙo zai kasa ƙetare kogin da kwalekwale ke ƙetarewa?"

Ya ce, "Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, ai saƙon ba kogi yake ƙetarewa ba, teku yake ƙetarewa." Ya bayyana mana cewa saƙon WhatsApp in ya bar wayar mutum, sai ya je manyan kwamfutocin kamfanin da ke ƙasashen waje tukuna, sannan a juyo da shi zuwa ga wanda aka aika wa, ko da maƙwabcinka ne na jikin katanga. Hanyar zuwa can kuwa igiyoyi ne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. A wannan Alhamis ɗin, huɗu daga cikinsu, WACS da SAT-3 da MainOne da ACE, suka sami matsala a rana ɗaya a gefen tekun Kodibuwa, aka danganta abin da motsin ƙasa a can ƙasan ruwa. Ƙasashe da dama suka shiga duhu ko rabin duhu, daga Laberiya da Gana da Benin da Najeriya har zuwa nan Kamaru, kuma gyaran sai da ya ɗauki makonni, domin jirgin ruwa na musamman ne ke zuwa ya lalubo igiyar ya ɗago ta a ɗinke. Kira na yau da kullum tsakanin layukan cikin gida ba ya bukatar teku, shi ya sa da muna da lambarsa ta nan, da ta shiga.

Daga nan zance ya buɗe, muka yi dare uku muna tambaya yana amsawa. Abin da za mu kawo a nan shi ne abin da muka fahimta, da bakinmu.

Farko dai mu san abin da ƙasar nan ta mallaka. Igiyar SAT-3, wadda ta tashi daga Fotugal ta bi gaɓar Afirka ta Yamma har Afirka ta Kudu, ta fara aiki a 2002, kuma nan Duwala ta sauka. WACS ta sauka a Limbe. Daga Kribi akwai wadda ta tafi Legas, akwai kuma SAIL, mai tsawon wajen kilomita 6,000, wadda aka kammala a 2018, ta ratsa tekun Atlantika kai tsaye zuwa Fortaleza a ƙasar Brazil. A cikin ƙasa kuma akwai igiyar da aka binne a gefen bututun man Chadi da ke gangarowa Kribi, da sauran waɗanda kamfanin gwamnati Camtel, wanda aka kafa a 1998, ya shimfiɗa tsakanin manyan garuruwa. A cikin kowace igiya zaren gilashi ne, kaurinsa kamar silin gashi, haske ke gudu a ciki yana ɗauke da magana. Wani masani haifaffen Shanghai mai suna Charles Kao shi ne ya nuna a 1966 cewa in aka tace gilashi sosai zai iya kai haske nesa, aka ba shi lambar Nobel a 2009 saboda haka. Hikimar da ta fi ba mu mamaki ita ce, a zare ɗaya ana tura haske launi-launi a lokaci guda, kowane launi da kayansa, ba sa cakuɗewa. Saboda haka in jama'a ta ƙaru ba lallai sai an sake shimfiɗa igiya ba. Sai a canza na'urorin da ke baki biyu na igiyar, a ƙara launuka, ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka da. Haka aka yi ta yi wa SAT-3 tun da aka kafa ta.

Maigida ya ce, "To in igiyoyin suna da yawa haka, me ya sa muka kwana a duhu?" Amsar da aka ba shi tsoffin madugai za su gane ta nan take. Madugun kirki ba ya fita da ayari sai ya san hanya biyu, kuma ba ya kiran hanyoyi biyu da suka haɗu a mashigi ɗaya hanya biyu, domin in kogi ya kawo a mashigin, duka sun rufe. Igiyoyin nan da yawansu gaɓa ɗaya suka bi, kusa da juna. An ga haka a Janairun 2020, aka sake gani a Agustan 2023, lokacin da WACS da SAT-3 suka yanke tare a kwazazzabon da ke ƙarƙashin teku daura da bakin kogin Kwango. Igiya huɗu a turba ɗaya, a ranar masifa igiya ɗaya ce. Ta Brazil kuwa yamma ta miƙe, ba ta bi ta gefen Kodibuwa ba, shi ya sa ba ta cikin waɗanda suka yanke. Sai dai akwai sharaɗi na biyu: hanyar da ta rage dole ta kasance da sararin ɗaukar kayan waɗanda suka faɗi. In an riga an cika ta a ranar lafiya, ranar ciwo kowa zai cushe a kanta, a yi ta tafiyar hawainiya. Mu da muka rayu shekaru da gada ɗaya tak a kan Wouri, mun san abin da ke faruwa in mota ɗaya ta mutu a tsakiyarta. Don haka masu zana irin wannan tsari sukan yi shi kamar zobe, ta yadda in an yanke ta dama saƙo ya zagayo ta hagu, kuma sukan bar fili da gangan, ko da mai kuɗi zai ga kamar asara ce.

Abu na biyu shi ne lissafin cunkoso. Mun tambaye shi dalilin da ya sa a daren Sallah, ko daren sabuwar shekarar Nasara, kira ke ƙin shiga alhali wayar na nuna rezo a cike. Ya ce mu dubi famfunan alwala na masallacin Juma'a. Ranar Talata da hantsi famfo biyu sun isa. Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya ko ashirin ne sai an yi layi. Mai ginin masallaci ba zai yi wa kowane masallaci famfonsa ba, kuma ba zai yi lissafi da ranar Talata ba. Zai duba sa'ar da ta fi cunkoso, ya yanke shawarar jiran da jama'a za su iya haƙuri da shi. Wannan lissafi wani masanin Danmak ne, Agner Erlang, ma'aikacin kamfanin wayar Kopenhegen, ya tsara shi a rubuce-rubucensa na 1909 da 1917, kuma har gobe da sunansa ake auna nauyin kira. Ɗanmu ya ba mu misalin da muka rubuta don kada mu manta. In a wata unguwa a kowane lokaci ana samun kimanin mutum 10 a kan waya, kuma ana so kada fiye da kira 2 cikin 100 ya tarar da hanya a rufe, sai an tanadi layi 17. In unguwanni goma irin wannan kowace ta yi nata daban, layi 170 ke nan. Amma in aka haɗa su a rumbu ɗaya, wajen layi 113 sun wadatar, domin da wuya cunkoson kowa ya zo a daƙiƙa ɗaya. Maigida ya yi murmushi ya ce ashe har ƙarfe ya san albarkar jam'i.

Abu na uku ya shafi ƙarafan eriya da muke gani a kan benaye, kuma a nan ne muka ji kunya. Shekarun baya an nemi a kafa ɗaya a kan wani gini a unguwarmu, muka taru muka ƙi, kowa da abin da ya jiyo, mu ne ma muka rubuta takardar ƙin. Bayan haka mu ne kan gaba wajen kukan rashin rezo a cikin ɗaka. Ga yadda abin yake. Zangon mitar da hukuma ke ba kowane kamfani ƙayyadadde ne, kamar yadda kowane gidan rediyo ke da mitarsa. A tsohon tsarin GSM mita ɗaya gida takwas ake raba ta, masu magana suna karɓa-karɓa cikin saurin da kunne ba ya ganewa. To yaya miliyoyin mutane za su yi magana da 'yan mitoci kaɗan? Sai aka yanka gari gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da eriyarta mai gajeren zango, ta yadda mitar da ake amfani da ita a Akwa za a iya sake amfani da ita a Ndokoti ba tare da sun shiga juna ba. Kamar makarantun allo ne. In kowace ta yi karatu daidai zaurenta, ɗari za su yi karatu a gari ɗaya a lokaci ɗaya. In ɗaya ta ɗaura lasifikar da za ta cika gari, ita kaɗai za a ji. Saboda haka idan mutane suka yi yawa a wuri, kamar kewayen Marché Central ko lungunan New Bell, maganin shi ne a ƙara yanka gunduwar, a ƙara eriya, kowace ta rage ƙarfin muryarta. Wayar da ke kusa da eriya ma ba ta wahalar ɗaga murya kamar wadda ke nesa. Kuma kowace eriya tana bukatar abu biyu a bayanta: hanyar da za ta kai kayanta ga uwa, da batir ko janareto don ranar da aka ɗauke wuta.

Abu na huɗu shi ne hawa-hawa, kuma wannan bai yi mana wuyar ganewa ba, don a cikinsa muka tashi. Malamin tsangaya mai almajiri ɗari biyu ba ya biya wa kowa da kansa. Gardawa ke ɗauka daga gare shi, kowane gardi da yaran da yake dubawa, sai abin da ya gagari gardi ya isa gaban malam. In almajirai suka ƙaru, gardi ake ƙarawa, malam yana nan ɗaya. Haka tsarin waya yake: eriyoyi a ƙasa, matattarar yanki a tsakiya, uwar cibiya a sama. Ka'idar ita ce, abin da za a iya gamawa a ƙasa kada a hau da shi sama. Don haka aka kafa mahaɗar intanet ta CAMIX a Duwala da Yawunde, inda kamfanonin cikin gida za su miƙa wa juna kaya hannu da hannu, maimakon kayan Deido su je Turai su dawo Bonapriso. Don haka kuma manyan kamfanonin duniya ke ajiye kwafin bidiyon da aka fi kallo a kwamfutoci kusa da masu kallo. Duk abin da aka ajiye a gida, yankewar teku ba ta taɓa shi.

Akwai wata shaida da kowannenmu ke ɗauke da ita a aljihu. Masu shekaru za su tuna lokacin da lambar waya a ƙasar nan take da alƙaluma bakwai. A 2007 ta koma takwas. A Nuwamban 2014, shekarar da Nexttel ya shigo ya tarar da MTN da Orange, ta koma tara, aka sa 6 a gaban lambobin hannu, 2 a gaban na girke. Mu muka san wahalar, don sai da muka bi lambobin unguwa ɗaya bayan ɗaya muna gyarawa, masu shaguna suka sake fentin allunansu. Kowane alƙalami ɗaya da aka ƙara yana ninka yawan lambobi sau goma. Mun tambaya, mu nawa ne a ƙasar da har lambobi za su ƙare? Aka ce ai ba ɗai-ɗai ake rabon ba, gari-gari ake yanka wa kowane kamfani, ga shi kuma mutum ɗaya na riƙe da layi biyu ko uku. Wanda ya tsara lambobin farko lissafinsa ya tsaya a ofisoshi da gidajen manya. Bai kawo a ransa cewa wata rana mai tallan ƙosai da ɗan benskin da almajiri kowa zai riƙe tasa ba.

Wannan kuwa ba baƙon darasi ba ne ga mutumin Nylon. Iyayenmu da maƙwabtansu na sauran ƙabilu sun zauna a wannan fadama ne ba tare da an yanka titi ko magudanar ruwa ba. Kowa ya cike gurbinsa da ƙasa ya kafa ɗaki, na baya ya jingina da na gaba. Da aka zo gyara a shekarun 1980, da hannun hukumar MAETUR da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Suwizalan, sai da aka rushe gidaje kafin titi ya sami hanya, wasu iyalai suka tashi. Abin da za a yi da igiyar awo da turaku tun fili yana fili, sai da aka yi shi da katafila da hawaye. Har yau in ruwan Agusta ya sauko, magudanar da aka yi daidai yayyafi takan nuna iyakarta. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane, suka kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ilimin da ɗanmu ya yi dare uku yana zuba mana, in aka matse shi, bai wuce waɗannan maganganu biyu ba, sai dai su sun sa masa lissafi.

Da muka juyo da madubin kanmu, sai muka ga duk kuskuren da injiniya ke gudu mun tafka shi a aikin sanarwar unguwa. Hanyarmu ɗaya ce, kuma ta teku ce. Komai a wayar mutum ɗaya yake, wato tamu, in ta faɗa kwata ko mai ita ya kwanta ciwo, shi ke nan. Zauren ma yana da iyaka: da can mutum 256 yake ɗauka, aka ƙara zuwa 512, yanzu 1,024, kuma ko bai cika ba, sanarwar rasuwa takan nutse a tsakanin tallan atamfa da gaisuwar Juma'a. Tsofaffi da yawa da mata a cikin gida ba sa cikinsa sam, muna ɗauka cewa wani zai gaya musu.

Ga abin da Maigida ya yanke, kuma an fara aiki da shi tun bayan ƙaramar Sallah ta wannan shekara. An ɗauko kundi, an sayi sabo, an juya abin da laima ta bari. Kowane gida an rubuta masa lamba biyu ta cikin gida, a kan kamfanoni biyu daban in da hali, da kwatancen gidan da ƙafa za ta iya bi, da sunan wanda za a nema a garinsu na asali. Kwafi uku aka yi: ɗaya a wurinmu, ɗaya a wurin liman, ɗaya a wurin shugabar mata. An raba unguwa lungu-lungu, kowane lungu da wakili ɗaya namiji da mace ɗaya, mu mu kira wakilai, su su kai ga gidajensu. An ware zaure na musamman wanda ba a sa komai a cikinsa sai rasuwa da gobara da ɓatan yaro. An kuma kafa ƙa'ida: sanarwar rasuwa ba ta cika sai an ji muryar makusancin mamaci da kunne. In kira bai shiga ba har aka yi rabin sa'a, yaro ya hau babur, kuɗin mai daga asusun unguwa. Ladan da lasifikarsa suna nan a matsayinsu, da tsohuwar zuma ake magani.

Muna roƙon sauran unguwanni su duba nasu tsarin tun kafin ranarsu ta zo. Muna kuma roƙon abu uku ƙanana. In kun ga ana haƙa rami a gefen titi ana binne bututu mai igiya, ku ja kunnen yara da masu gini, domin zaren gilashi ba tagulla ba ne, wanda ya yanke shi bai sami abin sayarwa ba, ya dai raba dubban mutane da 'yan uwansu, wataƙila har da mai neman likita. In an zo neman wurin kafa eriya, a zauna a yi tambaya, a nemi takardar izinin hukuma, a duba ƙarfin ginin, a kira masu ilimin abin a cikin 'ya'yanmu, sannan a yanke magana a kan sani. Na uku, mu bar yaranmu maza da mata su yi zurfi a lissafi da fasaha bayan sun sami karatun addini. Kakanninmu sun isa bakin wannan teku ne saboda sun san hanya, sun san zango, sun san wanda za a ba saƙo ya isar. Hanyoyin yanzu a ƙarƙashin ƙasa da ruwa suke, kuma abin kunya ne jikokin fatake su zama 'yan rakiya a kansu.

Ƙanen marigayin ya dawo ranar addu'ar bakwai. Da aka watse muka buɗe sabon kundi a gabansa, muka ce ya faɗi lambarsa ta nan. Ya faɗa, muka rubuta, muka kira ta a take har ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ba mu ta matarsa, ya kwatanta mana gidansa tun daga gangaren gada. Sannan ya ce, "Malam, na yafe. Amma ranar tawa, a tabbata an gaya wa na Katsina." Mun rubuta wannan ma a gefen sunansa.

Allah Ya jiƙan wannan bawa nasa, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya yafe mana sakacinmu, Ya sa mu cika amanar da aka ɗora mana. Wanda ya ga gyara a cikin abin da muka faɗa, musamman 'ya'yanmu masu wannan fanni, ƙofa a buɗe take.